Fumfuna, Gado da Garkuwar Jiki: Gurbin Binciken da Daktocinmu Ke Tsallakewa

A cikin sanarwoyin neman ma'aikata da manyan cibiyoyin bincike na duniya kan fitar, akwai wani nau'i da ya yawaita a 'yan shekarun nan, wanda na lura matasanmu masu digirin digirgir ba su cika tsayawa su karanta shi har ƙarshe ba. Sanarwar takan ce ana neman wanda ya kammala digiri na uku, ya zo ya yi shekara biyu ko uku yana bincike a kan yadda ƙwayoyin gado da garkuwar jiki suke tantance wanda cutar fumfuna za ta kayar da wanda za ta ƙyale. Irin wannan kira yakan fito ne daga Exeter ta Ingila, ko birnin Paris, ko Nijmegen ta ƙasar Holan, ko Braga ta Fotugal, ko Bethesda ta Amurka, jefi-jefi kuma daga Cape Town ta Afirka ta Kudu. Aikin shi ne wanda 'yan boko ke taƙaitawa da sunan fosdok, wato zaman ƙwarewa da sabon dakta kan yi a ƙarƙashin wani gogaggen masani kafin ya kafa nasa ɗakin binciken.

Dalilin tsallakewar ba ɓoyayye ba ne. Da an ce fumfuna, abin da ke zo wa Bahaushe a rai shi ne koren gashin nan da ke fitowa a kan kwantan tuwo ko burodin da ya kwana uku, ko kuwa makeron da ke cin kan yara a makarantun allo da na firamare. Wa zai ɗauki digirin da ya sha baƙar wuya a kansa ya tafi nazarin abin da ake kankarewa da cokali? Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da ƙanjamau da zazzaɓin Lassa su ne cututtuka masu suna, su ke da kuɗin tallafi da tarurruka a otal-otal na Abuja. A ganina wannan raini yana jawo mana asara mai yawa, domin babbar tambayar da wannan fanni ke neman amsarta, marasa lafiyarta sun fi yawa a ƙofar gidanmu fiye da a ƙofar masu buga sanarwar.

Bari mu fara da girman matsalar. A farkon shekarar 2024, Farfesa David Denning na Jami'ar Manchester ya wallafa ƙiyasin cewa mutum miliyan 6.5 ne ke kamuwa da cutar fumfuna mai barazana ga rai a kowace shekara, miliyan 3.8 daga cikinsu suna mutuwa, kuma kimanin miliyan 2.5 fumfunar ce kai tsaye sanadin ajalinsu. Ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, to amma ko da an zubar da rabinsa, abin da ya rage ya zarce adadin waɗanda zazzaɓin cizon sauro ke kashewa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ajiyewa a wajen 600,000 a shekara. Duk da haka, sai a watan Oktoba na 2022 ne hukumar ta fitar da jerinta na farko na nau'o'in fumfuna masu haɗari ga ɗan Adam. Guda 19 ta lissafa, huɗu kuma ta ɗora su a sahun gaba: Kiriftokokus, da Asfajilus, da Kandida iri biyu.

Har yau babu allurar rigakafi ko guda da aka amince da ita ta wata cutar fumfuna a jikin mutum. Magungunan da ake da su kuwa, dangoginsu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Sababin haka yana cikin halittar abin: ƙwayar fumfuna ta fi kama da ƙwayar jikin mutum fiye da yadda bakteriya ta yi kama da ita, saboda haka abin da zai kashe ta sau da yawa yakan taɓa mai ita. Babban maganin da ake komawa gare shi idan abu ya tsananta, amfoterisin B, tun shekarun 1950 aka gano shi, kuma likitoci sun san irin ɓarnar da yake wa ƙoda.

Mu da muke zaune a yankin sanƙarau, da zarar an ambaci cutar sai hankalinmu ya tafi ga wadda ke zuwa da zafin bazara, ta bakteriya, mai kayar da yaro cikin kwana ɗaya. Akwai wata sanƙarau ɗin da ba ta jiran bazara. Kiriftokokus ke kawo ta, wata fumfuna da ke rayuwa a ƙasa da jikin bishiyoyi da kashin tattabara. Tana shiga ta huhu, ta yi kwanton ɓauna, sai garkuwar mutum ta yi rauni, musamman mai fama da ƙanjamau, ta haura ƙwaƙwalwa. Ciwon kai ne na makonni, sannan ruɗewa, sannan suma, kuma duk allurar kashe bakteriya da za a ɗura wa majiyyacin ba za ta yi masa komai ba. Ƙiyasin da aka yi na shekarar 2020 ya nuna mutum 152,000 sun kamu da ita a duniya, 112,000 sun mutu, wato kusan kashi 19 cikin 100 na dukkan mace-macen da ke da nasaba da ƙanjamau, mafi yawansu kuma a Afirka kudu da Sahara. Abin takaicin shi ne akwai ɗan tsinken gwaji da ke gano ta a ɗigon jini cikin minti goma, tun kafin ciwon kan ya fara.

Haka nan akwai mai tarin da ya sha maganin tarin fuka na wata shida cur, tarin bai tafi ba, jini bai daina fita ba, aka sake ɗora shi a kan wani zagayen. Wani binciken da Dakta Rita Oladele ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka wallafa a 2017 ya gano cewa kusan kashi 9 cikin 100 na irin waɗannan majiyyata da suka duba, Asfajilus ce ta yi gida a ramukan huhunsu. Hoton ƙirji ba ya bambance ta da tarin fuka ga wanda bai sa ta a rai ba.

To, ga inda maganar gado ta shigo. Babu ranar da za ta fito ta faɗi, mai karatu, ba ka shaƙi ɗaruruwan ƙwayoyin irin Asfajilus ba. Wanda ke sussuka, ko mai sheƙar hatsi, ko wanda ya leƙa cikin rumbu a ƙarshen damina, nasa rabon ya ninka haka nesa ba kusa ba. Kandida kuwa tana zaune a baki da hanjin yawancin masu lafiya ba tare da ta dame su ba. Gidaje nawa ne a Kano da Zariya da Katsina ake kiwon tattabaru, kuma ba a taɓa jin komai ba? Ashe haɗuwa da fumfuna ba ita ce ke haifar da cuta ba, tunda kowa na haɗuwa da ita. Tambayar ita ce: me ya sa cikin mutum dubu da suka shaƙi ƙura guda, ɗaya ne ke kwanciya? Ƙanjamau da ciwon siga da maganin kansa da dashen gaɓa sun amsa wani ɓangare. Sai dai akwai waɗanda ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma cutar ta ci su, kuma ko a cikin masu ƙanjamau da garkuwarsu ta faɗi daidai wa daida, wani ya kamu wani ya tsira. Wannan giɓi shi ne gonar da masu waccan sanarwa ke neman manoma.

Tarihin amsar yana da daɗin ji. A 1996, a birnin Strasbourg na Faransa, Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann suka lura cewa ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace da aka lalata wa wata ƙwayar gado mai suna Toll, da an sa musu Asfajilus sai ta lulluɓe su su mutu, alhali 'yan uwansu lafiyayyu suna kakkaɓe ta. Wannan lura da aka yi a jikin ƙuda, ta hanyar fumfuna, ita ta buɗe ƙofar fahimtar garkuwar farko da ake haihuwar kowane mutum da ita, kuma ita ta kai Hoffmann ga lambar Nobel a 2011. Shekara biyar bayan aikin ƙudan, a 2001, Gordon Brown, wanda ya yi karatunsa a Cape Town, tare da Siamon Gordon a Oxford, suka nuna cewa wani furotin mai suna Dectin-1 da ke saman wasu fararen ƙwayoyin jini shi ne ke gane wani nau'in sukari da ke jikin bangon fumfuna.

Idan zan kwatanta wa ɗalibaina, nakan ce su ɗauki ƙwayar farin jini a matsayin birni mai ganuwa. Dectin-1 shi ne sarkin ƙofa, wanda ke gane baƙo da irin rigarsa. Idan ya gane shi, ba shi ne zai yi yaƙin ba, sai ya tashi manzo zuwa fada, manzon nan shi ne furotin da ake kira CARD9. Daga fada sai a sa sanƙira ya yi shela, a tara mayaƙa, shelar kuwa wasu sinadarai ne, daga cikinsu akwai IL-17 mai tsaron fata da baki da al'aura. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata, akwai ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. Idan harafi guda ya gurɓace a umarnin, sai a wayi gari sarkin ƙofa makaho ne, ko manzon gurgu ne, ko sanƙiran bebe.

Ba a gano hakan a jikin mutum ba sai ta hanyar zuri'o'i. A 2009 aka ba da labarin wani babban gida a Iran mai yawan auren dangi, inda Kandida ta addabi mutane da dama, har wasu suka rasu da ƙuruciyarsu bayan ta shiga ƙwaƙwalwa. Da aka bi jininsu, sai aka tarar manzon nan, CARD9, shi ne ya lalace. A cikin wannan shekarar aka sami wani gida a Holan da nasu lahanin ke jikin Dectin-1. A 2011 aka gano masu lahani a IL-17 da kuma wata ƙwayar gadon mai suna STAT1. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2013. Tun wajen ƙarshen shekarun 1950 likitocin Arewacin Afirka suka san wata baƙuwar cuta, inda fumfunar makero, wadda a al'ada ba ta wuce saman fata da gashi da farce, take nutsawa cikin tsoka da kaluluwa, wani lokaci har ƙashi da ƙwaƙwalwa. Fiye da shekara hamsin ba a san dalili ba. Sai Fanny Lanternier da Anne Puel da Jean-Laurent Casanova a Paris, tare da likitocin yankin, suka duba majiyyata 17 daga Tunisiya da Aljeriya da Maroko, suka tarar dukkansu sun gaji lalataccen CARD9 daga uwa da uba.

Duk Bahaushen da ya je gwajin jini kafin aure ya riga ya san wannan lissafi. Yadda mai AS ba ya ciwo, amma idan ya auri mai AS kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, haka lahanin CARD9 yake tafiya. Bambancin kawai shi ne wannan lahani ba shi da yawa a cikin jama'a, don haka ba kasafai masu ɗauke da shi biyu ke haɗuwa ba, sai in kakansu ɗaya. Mu kuwa al'umma ce mai auren zumunci, a birni da ƙauye da ruga, kuma makero a wurinmu ya zama ruwan dare. Ba ina kushe auren zumunci ba ne, yana da nasa alfanun da kowa ya sani. Abin da nake cewa shi ne sharuɗɗa biyun da suka sa aka gano cutar a Tunisiya da Aljeriya duk sun cika a ƙasar Hausa. Yaron da makeronsa ya ƙi jin magani shekara da shekaru, ya koma gyambo, ƙanensa ma ya biyo sahu, a wurinmu sammu za a ce, ko a ce daji ne, a yi ta yawo da shi tsakanin kemis da mai magani har ƙarfin iyaye ya ƙare.

Kada a ɗauka wannan ilimi na sha'awa ne kawai. Sanin inda lahanin yake yana sauya magani. Masu matsalar STAT1, wadda ke aiki fiye da ƙima har ta danne shelar IL-17, yanzu ana ba wasunsu maganin da ke rage mata ƙarfi, kuma farin bakin da ya ƙi jin komai yakan lafa. Cristina Cunha da Agostinho Carvalho sun nuna a 2014 cewa idan mai bayar da ɓargo yana ɗauke da wani salo na ƙwayar gadon PTX3, wanda aka dasa wa ɓargon ya fi shiga haɗarin kamuwa da Asfajilus, abin da ke nufin ana iya sanin wanda za a fi sa wa ido tun kafin dashe.

Sai dai kusan duk wannan sani an gina shi ne a kan jinin wasu. Wani nazari da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa cikin mutanen da aka sa a manyan binciken da ke alaƙanta ƙwayoyin gado da cututtuka, kashi 78 cikin 100 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi 2 kacal. Alhali babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin ƙwayoyin gado. Shirin H3Africa, da ya duba jinin mutum 426 kawai daga ƙabilu 50 a ƙasashe 13, ya ba da rahoto a 2020 cewa ya ci karo da sauye-sauyen gado sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubuta su ba. Saboda haka duk wata taswirar haɗarin kamuwa da fumfuna da aka zana a Holan ko Fotugal, ba lalle ta nuna hanya a Gumel ko Maraɗi ba.

Akwai kuma cututtukan da da wuya a ga majiyyatansu a Turai. Ɗauki maisitoma, wadda wasu ke kira ƙafar Madura. Manomi ko makiyayi ya taka ƙaya ba takalmi, ƙwayar cutar ta bi ƙayar ta shiga, bayan watanni ko shekaru ƙafa ta kumbura ba zafi, ta huhhuje tana fitar da ruwa da wasu 'yan tsaba kamar gero, galibi baƙaƙe idan fumfuna ce, domin akwai nau'in da bakteriya ke kawowa. In an yi sake ta ci ƙashi, ƙarshenta yanke ƙafa. Yankin da ta fi yawa ya ratso daga Senigal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da Chadi, har Sudan, wato dai sahel ɗin da muke ciki. Sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma babban wanda ya yi wannan fafutika shi ne Farfesa Ahmed Hassan Fahal, wanda ya kafa Cibiyar Binciken Maisitoma a Jami'ar Khartum a 1991. A can aka yi gwajin farko mai cikakken tsari na sabon maganin cutar, kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya tarwatsa aikin cibiyar a Khartum. Kowa a ƙauye yana taka ƙaya, amma ƙalilan ke kamuwa, kuma tun 2007 Wendy van de Sande ta Rotterdam da abokan aikinta na Sudan suka nuna alamun cewa bambancin wasu ƙwayoyin gado na garkuwa yana da hannu. Tambayar tana nan a buɗe, babbar cibiyar da ke bin ta kuma yaƙi ya raunana ta. Wa ya fi cancanta ya ɗauki wannan kaya in ba ɗan Sakkwato ko Damagaram ko Maiduguri ba?

A kudancin ƙasar nan ma akwai misali. Nau'in Histofilasma na Afirka, mai cin fata da ƙashi, an daɗe ana ganin sa a jikin majiyyata ba a san maɓoyarsa ba, sai a 1994 Harish Gugnani na Jami'ar Nsukka da abokan aikinsa suka same shi a ƙasar kogon jemagu na Ogbunike a Jihar Anambra. Aiki ne da aka yi a jami'ar Nijeriya, duniya kuma tana ambaton sa har gobe.

Me ya hana mu, to? Abu na farko shi ne tsarin jami'o'inmu bai san da zaman fosdok ba. A Turai da Amurka, wanda ya gama digiri na uku ana kallon sa a matsayin wanda ya sauke karatu amma bai fara ba da fatawa ba, sai ya zauna gaban wani malamin ya ga yadda ake neman kuɗin bincike, da yadda ake tafiyar da ɗakin gwaji, da yadda ake faɗuwa a gwaji sau goma a tashi. Mu kuwa ranar da mutum ya kare kundinsa, ranar ake ɗora masa kwasa-kwasai huɗu, da ajin mutum ɗari biyar, da muƙamin jami'in jarrabawa. Shekara biyar ɗin da ƙwaƙwalwarsa ta fi kaifi, a kan makin takardu da haɗa sakamako take ƙarewa. Ni kaina na ga haziƙai da dama da wannan turmi ya daka, waɗanda a yau ba su iya tuna ranar ƙarshe da suka riƙe abin awon ruwa a ɗakin gwaji ba.

Abu na biyu ya shafi irin binciken da muke horar da ɗalibai a kai, kuma a nan sai abokan aikina sun yi haƙuri da ni. Kundi nawa ne a ɗakunan karatunmu da takensu bai wuce gwada ruwan ganyen darbejiya ko zogale ko sabara a kan Kandida a cikin faranti ba? An auna faɗin da'irar da ganyen ya hana ta tsiro, an zana jadawali, an rufe. Ba laifi ba ne a fara daga nan, amma shekara talatin muna farawa. Mai buga waccan sanarwa yana neman wanda ya taɓa ciro sinadarin gado daga jini ya karanta jerinsa, ko ya iya rarrabe ƙwayoyin garkuwa da na'ura, ko kuwa ya iya sarrafa tarin bayanan gado a kwamfuta da harshen R ko Python. Na ƙarshen nan ba ya buƙatar komai sai kwamfuta da intanet da naci, domin bayanan gadon dubban mutane da na fumfuna suna nan kyauta ga mai so.

Na san abin da wasu za su ce: wannan ai kiran matasa ne su gudu. Maganar tana da tushe. Asusun TETFund da kansa ya dakatar da ɗaukar nauyin malamai zuwa karatu a ƙasashen waje daga farkon 2025, kuma cikin dalilan da ya bayar akwai tsadar canji da yawan waɗanda ke tafiya ba su dawo ba. Ba zan ce duk wanda ya tafi zai dawo ba. Wanda ya saba da ɗakin gwajin da wuta ba ta ɗaukewa, da wuya ya yi marmarin wurin da firjin ajiyar samfuri ke narkewa sau uku a mako. Sannan yawancin daktocinmu suna gamawa ne da iyali a wuya, albashin fosdok kuwa a birnin Turai da ƙyar yake riƙe mutum biyu. Amma hana tafiya bai taɓa gina ɗakin gwaji ba. Abin dubawa shi ne sharaɗin tafiyar. Shirin APTI, wanda Cibiyar Kimiyya ta Afirka ta shirya tare da Cibiyoyin Lafiya na Amurka da Gidauniyar Gates, ya ba da samfuri mai kyau: shekara biyu a Amurka, sannan shekara biyu na tallafi a jami'ar mutum ta gida domin ya kafa nasa aikin. Dogaro da na waje kaɗai kuwa yana da nasa haɗarin, kamar yadda aka gani a 2021 lokacin da Birtaniya ta zaftare kuɗin agajinta, shirin FLAIR na matasan masanan Afirka ya tsaya cak. Babu abin da zai hana TETFund ko wata gwamnatin jiha ta kwaikwayi tsarin na shekara biyu can, biyu nan, da sharaɗin kuɗin kashi na biyu ba ya fita sai mutum ya dawo.

Akwai wani dalilin da ya sa nake son namu su shiga fannin da kansu, shi ne amana. Binciken gado jinin mutane yake buƙata, da tarihin aurensu da na mamatansu. Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba, kuma kowa ya ga yadda wannan tabo ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Baƙo ba zai shiga gida a Bichi ya tambayi uwa ko mijinta ɗan baffanta ne ba, ya kuma nemi jinin 'ya'yanta biyar. Ko da dokokin ɗa'ar bincike na ƙasar nan sun tanadi cewa ba a fitar da samfuri waje sai da rubutacciyar yarjejeniya, takarda ba ta kare haƙƙin kowa idan babu masanin gida da ya san darajar abin da ke cikin kwalbar, wanda zai zauna a teburin a matsayin abokin aiki, ba mai tattara jini a aika ba.

Ga mai shakkar ko aikin da aka yi a Afirka zai iya juya duniya, ya dubi gwajin AMBITION da aka gudanar a Botsuwana da Malawi da Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe a kan majiyyata sama da 800 masu sanƙarau ɗin Kiriftokokus. Ya nuna cewa allura guda mai ƙarfi ta sabon samfurin amfoterisin, tare da ƙwayoyin sha na mako biyu, ba ta gaza ƙarin ruwan mako guda da aka saba yi ba, kuma ta fi sauƙi ga ƙoda da jini. An wallafa sakamakon a 2022, a cikin shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'idarta. Babu ƙasar Afirka ta Yamma ko ɗaya a cikin biyar ɗin.

Shawarata ga wanda zai nema ita ce kada ya rubuta wasiƙar roƙo. Shugabannin waɗannan ɗakunan bincike suna samun wasiƙu da yawa masu cewa mai nema haziƙi ne mai son ƙaruwa, kuma ba sa karanta su. Ya karanta maƙalu uku na ƙarshe da ɗakin ya fitar, ya gane inda suka tsaya, sannan ya gaya musu abin da yake da shi wanda ba su da shi: asibitin koyarwa da ke ganin masu maisitoma, ko likitan fata da ya yarda su yi aiki tare a kan yaran da makeronsu ya ƙi jin magani, ko samfuran Kiriftokokus da ya killace da izinin kwamitin ɗa'a. Ya nemi a rubuta tun farko cewa wani ɓangare na aikin a gida za a yi shi, da kuma wanda zai mallaki samfuri da bayanai. Kuma ba sai likita ba. Masu digiri a ilimin ƙananan halittu da sinadaran jiki da haɗa magunguna da likitancin dabbobi, har da lissafi da kwamfuta, duk suna da wurin zama.

Sannan ya dubi kalanda, domin waɗannan ƙofofi suna da wa'adi, kuma daga ranar da aka ba mutum digiri ake fara ƙirgawa. Tallafin Georg Forster na Gidauniyar Humboldt ta Jamus, wanda aka keɓe wa masanan ƙasashe masu tasowa, yana karɓar mutum a matakin fosdok ne cikin shekara 4 da gama digirinsa. Cibiyoyin Lafiya na Amurka da ke Bethesda shekara 5 suke bayarwa, tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai kuma shekara 8. Wanda ya kare kundinsa shekara uku da suka wuce, yana can yana haɗa sakamakon 'yan aji biyu, saura shekara ɗaya gare shi a ma'aunin Jamus, biyu a na Bethesda.